Jar Waya

Shekara goma sha tara ina karanta labarai a Sofiya,
murya tawa, magana ta wani.
A teburin edita akwai jar waya marar lambobi,
ba a kira da ita, ita ke kira.
In ta yi ƙara sai Zdravko ya miƙe ya gyara kwala
kamar mai maganar na ganinsa.

Nakan ce alkamar bana ta fi ta bara,
in fito in bi layin burodi.
Uwata can ƙauye, bayan Gabrovo,
ta ce ita tana gane ƙaryata:
"Kina haɗiye yawu kafin ki faɗi adadi."

Sai aka yi sanyin nan da jama'a suka cika dandali.
Zdravko da hannunsa ya sa almakashi ya datse igiyar,
muka ɗora tukunyar fure a gurbin wayar.
A daren na karanta sunayen waɗanda aka ɓatar,
takarda na rawa a hannuna,
ban haɗiye komai ba.

Mun ɗauka macijin ya mutu.
Ashe saɓa ya yi.

Yanzu ba a ba da umarni, sai dai shawara.
Wani matashi mai ƙamshin turare daga ofishin minista
ya zo shan gahawa, ya yabi furen,
ya ce ko mun ji ran Laraba majalisa za ta duba kasafinmu.
Tasa wayar a aljihu take,
ba igiyar da almakashi zai kama.
Darakta uku na gani cikin shekara huɗu,
kowa da jerin sunayen da ba ya so a taɓa.

Jiya, saura minti biyu, aka miƙo mini 'yar takarda:
a cire labarin kwangilar asibiti,
a sa bikin raye-raye.
Jar fitila ta kama.
Na hango tsohuwa gefen murhu, ta kasa kunne.
Na karanta na asibitin,
har da adadin kuɗin, har da sunan kamfani.

Yau katina ya ƙi buɗe ƙofa.
Tsvetan mai gadi ya sunkuyar da kai,
wai ƙila sanyi ne ya taɓa na'urar.
Zdravko ya miƙo mini furen ta taga, bai ce uffan ba.

Ina tsaye cikin dusar ƙanƙara, tukunya a ƙirji,
sai ga kiran uwata:
"Jiya ban ji kin haɗiye ba.
Kin dai ci abinci ko?"