Zare Ɗaya

Shagona taku huɗu ne a Aboabo,
tsakanin mai koko da mai gyaran rediyo.
Keken ɗinkina ya girmi rabin samarin layin nan.

Ran Laraba Zuwera ta shigo da jan ƙyalle yadi shida,
ta ce, Baba, a yanka sirara,
daidai damtse, daidai goshi.
Ban tambayi na mene ne ba.
Duk Zango an san Hudu ya fita shan mai a babur,
aka tare shi a shinge,
washegari takalmi ƙafa ɗaya aka kai wa uwarsa
da takarda mai hatimi, wai ana bincike.
Wata bakwai ke nan.
Binciken har ya fara furfura.

Ina cikin yanka sai ga Kofur Dawuni,
wandon aiki a leda, aljihu ya yage.
Yaron da aka yaye a gabana.
Ya ga ja, ya ga Zuwera, ya dubi ƙasa.
Na ce, Kofur, aljihun nan karo na uku fa,
me kake ɗura masa?
Bai yi dariya ba.
Ya ce, Baba, abin da hannu ya karɓa a titi
ba a nan yake kwana ba, tsani yake hawa.

Zuwera ta ce, mu ba mu ce a ƙone caji ofis ba.
Cewa muka yi kowa ya sa sunansa a ƙirji
yadda ko tsohuwa za ta karanta,
a ƙirga harsashi da safe, a ƙirga da magariba,
wanda aka kama kuma
uwarsa ta san ɗakin da ya kwana.
Wannan ne ya yi yawa?

Ran Asabar na ja ƙofa, na bi su da sandata
daga Asawase har bakin Kejetia.
Ja ya cika titi kamar an shanya barkono.
Can gaba baƙaƙen kaya sun jeru bayan garkuwa.
Ni kaɗai a taron nan
na gane ɗinkina ta kowane ɓangare.
Da hayaƙi ya tashi, ido bai zaɓi wanda zai yi wa yaji ba.
Mata masu ruwan leda suka sauke tire,
ba su karɓi ko pesewa ba.

An kama goma sha ɗaya, an sako tara.
Zuwera tana cikin biyun.

Bayan isha'i aka ƙwanƙwasa.
Dawuni ne, riga a hannu, muryarsa ta dushe.
Ya ce, tana Sentral, ɗaki na biyu, ta ci abinci,
a gaya wa uwarta.
Sannan ya shimfiɗa rigar a kan keke:
sa min sunana a nan, manyan baƙaƙe.

Na buɗe gwangwanin zare, na lalaba.
Na ce, fari ya ƙare, sai ja.

Ya daɗe yana kallon fitila.
Ya ce, ɗinka.