Mai Amsa ta Goma Sha Ɗaya

Ana ruwa a Quellón ranar da na je.
Eduvina Chiguay ta ƙara itace a murhu,
ta share tebur da gefen hannu,
ta dubi rikodata irin duban da ake wa baƙon kare.
"Wa zai ji?"
Na ce, "Ni kaɗai."
Na karanta mata takardar yarda, shafi biyu, layi bayan layi.
Da hagu ta sa hannu,
don dama ta daina riƙe biro
tun shekararta ta tara a masana'antar kifi.

Awa biyu da minti goma sha huɗu.
Ɗakin sanyi, wuƙar feɗe kifi,
shugaban aiki mai ƙirga mintocin banɗaki.
Can wajen ƙarshe ta yi shiru,
shirun da har na ji itace na ƙara cikin wuta,
sannan ta faɗi abin da ko 'yarta ba ta sani ba.
Ba zan faɗe shi a nan ba.
Sau ɗaya ya isa.

Na koma Valdivia da muryoyi talatin da ɗaya a jaka,
ga wa'adi saura mako uku.
Anselmo, abokin aikina, ya leƙo ta ƙofa:
"Ki ba na'ura mana, kowa haka yake yi."
Tsakar dare, ido ya yi ja,
na danna na yarda
a ƙarƙashin sharuɗɗa shafi arba'in
da ban karanta ko ɗaya ba.
Ni ɗin nan, mai karanta wa mutane layi bayan layi.

Kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama.
Aiki tsaf, ba ko ɗigo a karkace.
Ta cire sunan, ta sa Mai Amsa ta Goma Sha Ɗaya.
Amma ta bar hannun hagu,
ta bar koren gida a bayan coci,
da ɗan da teku ya ci a watan Yuli.
A unguwar da kowa ya san tarin kowa,
wa ke buƙatar suna?

Shirun nan kuwa babu shi.
Ta ɗinke jimla da jimla kamar ba a taɓa yagewa ba,
ta ɗauki sirrin ta ajiye ƙarƙashin jigo na huɗu,
ƙalubalen wurin aiki,
sannan ta tambaye ni cikin ladabi
ko ina so ta taƙaita.

Na danna goge. Ta ce an goge.
Wataƙila gaskiya ne.
Sai dai magana zarar bunu ce,
kuma ban san a wane rumbu muryar ta kwana ba,
a wace ƙasa, a hannun wa,
ko wani abu ya koyi yadda mace ke haɗiye kuka
daga maƙogwaron Eduvina.

Mota, jirgin fito, wata motar.
Na same ta tana feraye dankali.
Na faɗa mata duka, a tsaye, rigata na ɗiga.
Ba ta ɗago ba.
"Shi abin, da ya ji, me ya ce?"
"Bai ce komai ba."
"Ke kin ajiye biro ranar," in ji ta.
"Na gani. Shi ya sa na ƙarasa."

Ta zuba mini miya, ta matso mini da kujera kusa da wuta.
Muka yi awa biyu muna hira:
tsadar itace, ruwan bana,
cutar da ta kama dankalin maƙwabta.
Da zan tafi ta rako ni har bakin ƙofa,
ta ce in gaida mutanen gida.