Abin da Masaƙa Ta Biya Ni

Wata shida ina haɗiyar ƙwayar tarin fuka,
fitsarina ya rine kamar zoɓo,
tarin kuwa ko gezau.
Sai aka ba ni takarda, aka ce Shika.
Muka hau mota a Kawo, ni da Hansatu,
ta zaunar da ni bakin taga
ko zan samu iskar da ƙirjina ya ƙi karɓa.

Dakta Zugwai ba ta fara da abin awo ba.
Kujera ta ja, ta ce, "Baba Tanimu, a ina ka yi aiki?"
Na ce Kakuri. Masaƙa. Ɗakin tukunyar tururi,
shekara goma sha tara.
"Da me kuke naɗe bututu?"
Na yi dariya, dariyar ta rikiɗe tari.
Wani farin abu ne mai laushin kaɗa,
da hannu muke kwaɓa shi,
in jiniyar tashi ta busa mu fito fari fat
muna tsokanar juna: ga angon alabo.
Ta rubuta: asbesto.

An zuƙe ruwa ta tsakanin haƙarƙarina,
kwalba biyu da rabi, kalar shayin da ba madara.
An tsinki tsoka, an kai awo.
Da muka koma, ta juya bayan katina ta zana huhu,
ta zagaye shi da siririn layi.
"Wannan tantanin. A nan ya zauna."
Mesotaliyoma.
Sau uku ta faɗa, har Hansatu ta rubuta daidai.
Ni dai abin da na ji: sankara.

Masaƙa ta rufe ba ta ba mu garatuti ba.
Mun yi zaman dirshan a bakin get har takalma suka cinye.
Ashe ni ta biya ni tun tuni,
a ƙirji ta yi mini ajiya,
shekara talatin, har da riba.

Na ce, "Likita, ban da kwana-kwana. Zai warke?"
Ta ce, "Ba zan ce maka zai warke ba.
Zan iya rage masa gudu, in sassauta maka numfashi.
Kai ne za ka faɗa mini
abin da kake so numfashin ya yi maka."
Na daɗe ina kallon fankar ofishinta.
Na ce: in taka zuwa masallacin layinmu
ba tare da na huta a rumfar mai faci ba.
In kwanta kamar kowa, na gaji da barci a zaune.
Ta rubuta wannan ma, a ƙarƙashin sunan magani.

Har mun miƙe, ta ce, "Wa ke wanke kayan aikinka?"

Lantana.
Duk Asabar, sai ta kakkaɓe su tukuna kafin ta jiƙa.

Daren nan ban runtsa ba,
ina ƙirga numfashinta a cikin duhu.

Yanzu duk sati uku, ƙarin ruwa.
Babur ɗina ya tafi a zagaye na biyu.
Tuwo a bakina kamar na tsotsi makulli.
Ina da ɗan littafi: yau amai biyu, yau babu,
yau kunne yana ƙara.
Takan karanta shi kamar jarida, ta rage nan, ta ƙara can.
Mun taɓa saɓawa. Na ce sai bayan Sallah,
ta ce jini bai san Sallah ba,
muka tsaya a kan kwana huɗu.

Ta ce in nemo waɗanda muka kwaɓa tare.
Mu goma sha ɗaya ne. Na samu Bulus mai walda,
na samu Ɗan'azumi a Tudun Wada yana sayar da katako.
Sauran, matansu ne suka amsa sallama.

Hoton ƙirjin Lantana ya fito fes.
Dakta ta ɗaga shi a hasken taga ta nuna mini,
ta ce duk da haka a dawo baɗi.

Jiya da la'asar na wuce rumfar mai faci.
Ya ɗago kai, har ya jawo mini benci.
Na ɗaga masa hannu kawai.
Raka'a ta biyu na tarar, amma na tarar.
Na rubuta a littafi, Laraba zan nuna mata.