Laba Biyu

Ni ne Eusebio mai sikelin bakin kasuwa,
a ƙauyenmu da ke rataye jikin duwatsun Gwatemala,
inda gajimare ke kwana kan rufin kwano.
Shekara goma sha ɗaya ina auna gahawar mutane,
a kowane buhu laba biyu tawa ce.
Ni na lanƙwasa allurar da filaya, wani dare,
kaɗan, kamar mai gyara wa yaro zaman hula.

Ranar Lahadi kuwa ni ke riƙe gicciye a gaba,
farar riga, murya mai sanyi.
Na iya addu'a kamar yadda na iya lissafi.
In ce, ka yafe mana laifinmu,
in shige cikin mu ɗin nan in ɓuya,
kamar tsakuwa a cikin buhun wake.

Sai ranar da Dominga Ixcoy ta sauko daga tudu,
igiya a goshi, buhu a gadon baya,
mijinta wata bakwai a ƙasa.
Ta dubi allurar, ta dubi ƙafafunta,
ta ce bana itatuwan sun yi rowa.
Ta kwance ƙyalle ta ba ni wainar masara biyu,
da sauran ɗuminsu.
Na karɓa. Na cinye.

Da dare na tura ƙofar majami'a.
Kyandir ɗaya ya rage, yana fama da iska.
Na durƙusa na ɗauko addu'ar da na saba,
ta tsaya a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.
Na daɗe. Gwiwa ta fara tsami.

Na ce, Ubangiji, ni ɓarawo ne.
Bango ya dawo mini da kalmar.
Na ce, ba talauci ya sa ni ba, kada in yi maka ƙarya,
daɗin kuɗin nake ji.
Da su na yi rufi, da su na sai wa Ofelia takalmin makaranta,
in ruwa ya sauko ban jiƙe ba, har gode maka nake yi.
Ko yanzu nadamata ba ta cika mudu ba,
tsoron bakin mutane ya fi tsoronka yawa a cikina.
Ga shi nan. Auna da kanka.

Ba murya, ba haske.
Wani kare ya yi haushi a gangare,
yayyafi ya fara taɓa kwano.
Amma wanda ke durƙushe a wurin ni ne,
ba farar rigar ba,
kuma ba a kore ni ba.

Da asuba na miƙe allurar, hannuna na rawa.
Na hau tudu da kuɗi a cikin hula.
Dominga ta ƙirga sau biyu a bakin ƙofa.
Ta ce, ai na sani,
ina da dutsen da nake gwadawa a gida,
to wurin wa zan kai in ba kai ba?
Ba ta ce in shigo ba.
Hayaƙin murhunta ya biyo ni har kwari.

Saura gida arba'in da uku.
Wasu za su tofa yawu, wani zai kai ni ƙara,
Ofelia za ta ji a bakin 'yan ajinsu.
Yau da safe na gaya wa Yesu ba na son zuwa,
na gaya masa ba kwana-kwana,
har da ashar ɗin da ke raina.
Ya ji.
Ga ni zaune a dokin ƙofa
ina ɗaure igiyar takalmi.