Tafinta

Na sauko da tsohuwar kwamfuta daga saman sif,
gizo-gizo ya ɗinka mata riga.
A cikinta Inna Dijja take zaune,
ranar sunan Bakari, shekara goma sha biyu ke nan.

Talabijin ɗin da ƙanena ya aiko daga Injamena
faɗinsa ya kai ƙyauren zaure,
amma a bayansa kafa biyu ce kacal, sirara.
Ita kuwa kwamfuta bakinta shuɗi,
huji goma sha biyar, sahu uku.
Na dubi wannan, na dubi wancan:
baƙi biyu a tashar mota,
ba mai jin yaren wani.

Ɗan babur ya ƙetare da ni gadar Kaliyawo,
ba ruwa, rairayi zalla, yara na ƙwallo a ciki.
A kasuwar Marwa, rumfar Hamajoda,
wayoyi na reto kamar igiyoyin ɗaure maruƙa.

Ya ce, "Ga HDMI, jaki mai mangala biyu,
hoto a dama, murya a hagu.
Wannan farin mai faɗin kai DVI ne,
ɗan uwansa ne, ɗan mahaɗi kawai ke sulhunta su.
Wancan kuma kar kamarsa ta ruɗe ka,
kusurwa ɗaya aka yanke masa, ba biyu ba.
Kama da wane ba ta wane.
Ka cusa da ƙarfi, ka sayi asara.
Naka VGA ne, yaren kakanni.
Waya kaɗai ba ta isa ba,
sai da tafinta."

Ya miƙo ɗan baƙin akwati, bai kai na ashana ba.
Jaka huɗu. Na ce uku.
Ya rantse, na rantse,
uku da rabi ta raba gardama.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma a Domayo.
Na murɗa kusoshin nan biyu a hankali,
kamar mai ɗaure wa jariri kambu.
Gilashi ya yi baƙi, ya yi shuɗi,
sai ga ta.
Zanen nan mai ganyen gwanda.
Taɓarya na hawa, tana sauka,
turmi bai ce uffan ba.
Bakinta na motsi.

Bakari ya ce, "Baba, dama kaka ba ta magana?"

Ban sami abin faɗa ba.
Asta ce ta zazzage ledar,
wata siririyar waya ta faɗo, kai kamar tsinke,
wadda na ɗauka gyara ce aka yi min.
Ta laluba bayan kwamfuta,
ta sami koren huji, ta soka.

Turmi ne ya fara amsawa.
Sai kaji, sai guɗar maƙwabta,
sannan:
"Kai, Jibrilla, ajiye abin nan ka ɗebo min ruwa!"

Na riga na miƙe tsaye
kafin in tuna.