Riga Mai Lamba Sha Ɗaya

Ɗakin wankina yana ƙarƙashin fili,
hawa biyu ƙasa da katakon da suke tsalle a kai.
Shekara tara ban ga ƙwallo ta faɗa kwando ba.
Silin ke ba ni labari.
In ya girgiza har omo ya zubo daga kanta, mun ci.
In ya yi tsit har ina jin ɗigar famfo,
to Dabney ya ɓarar.

Yayana Cornell, direban bas ɗin da ke bin gefen Mississippi,
ya haddace lissafin yaron kamar kuɗin haya.
Maki talatin a Janairu, in ji shi,
lokacin da ƙanƙara ta hana rabin St. Louis fitowa kallo.
Talatin da biyu a Maris.
To ga Mayu ta kama, an shiga fitar da gwani:
sha tara, sha bakwai, jiya sha huɗu.
"Odessa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.
Ɗan naki zakin ranar Talata ne."

Ba ɗana ba ne.
Ko sunana bai gama riƙewa ba.
Rigarsa kawai na sani.

A Janairu da yatsa biyu nake ɗaga ta.
A Mayu sai na sa hannu biyu,
tana tsiyaya kamar an tsamo ta daga kogi,
hammata a yage, wuya ya saki,
shatin yatsun ƙarti uku a gadon baya,
kowa ya ja rabonsa alƙali yana kallon wani wuri.
Safar hagu kuwa sai na jiƙa ta a ruwan sanyi da gishiri,
sati uku ke nan tana zuwa da ja a dunduniya.
Rediyo bai san da safar ba.

Na faɗa wa Cornell haka a kan kofin shayi.
Ya ture biredi gefe, ya ce,
"Na ji. To jifa biyun nan fa?
Saura daƙiƙa huɗu, an busa usur, an ba shi layi,
ba wanda ya riƙe masa riga, ba wanda ya taka shi.
Wa ya ja hannunsa?"

Na yi shiru, don ni ma na ji su.
Ta cikin siminti hawa biyu na ji su.
Ƙarfe ya ce ƙwang.
Mutum dubu sha takwas suka haɗiye numfashi.
Ƙarfe ya sake cewa ƙwang.
Injin na huɗu ya ci gaba da juyawa,
shi kaɗai bai ji kunya ba.

Ƙarfe ɗaya na dare, masu shara sun tafi,
ina ninke tawul,
sai ga dum, dum, dum a saman kaina.
Mutum ɗaya, ƙwallo ɗaya.
Buga uku, shiru, sannan raga ta ce shuu.
Na ajiye tawul na kama ƙirga.
Ɗari da arba'in.
Ko ɗaya ba ta taɓa ƙarfe ba.

Wannan ban gaya wa Cornell ba.
Ban san gefen wa zai ƙarfafa ba.
Hannun da ba ya kuskure in ba kowa,
gwani ne, ko kuwa shi ne ciwon?

Lahadi wasa na bakwai.
Na ɗinke hammatar da farin zare,
na goge lambar, na rataye ta a ƙusarsa.
Busasshiya ce yanzu, ba ta kai nauyin gyale ba.

Wayata na ruri a aljihu.
Cornell ne,
wai ko zan samo masa tikiti.