Ƙyalle na Ɗari

Ran Lahadi Goggo Tabawa ta dawo daga Gujungu
da buhun guntayen da Tela Ɗanjuma
ke sharowa daga ƙarƙashin kekensa.
Ta zazzage su a tabarma, gindin darbejiya,
za ta haɗa bargo kafin sanyi ya sauko.

Ni kuwa, malamin lissafi a firamaren Kwalam,
na kife faifanta,
na raba shi gida goma sha biyu da alli,
na ɗora wa kowane gida launinsa.
Na ce, "Goggo, kowanne da abokin karawarsa
a ɗaya gefen, digiri ɗari da tamanin cif.
Ja na hararar kore,
shuɗi na hararar ruwan goro,
ruwan ɗorawa da shunayya ba sa ga maciji,
amma zaunar da su kusa, ki ga kowa ya ƙara haske."

Ta tsinke zare da haƙori.
"Zoɓon bayan danga ya riga ka, ja a kan kore.
Leƙa furen gauta,
ka ga wanda ya zauna a tsakiyar shunayya.
Su wa ya ba su alli?"

Duk da haka ta bar ni na ƙirga.
Goma sau goma, ɗari,
kowanne faɗin tafin hannu.
Sittin shuɗi, daga ruwan bula
har mai duhu irin na ramin marina.
Talatin ruwan toka, masu rabon faɗa.
Goma ruwan goro, gishirin miya,
in ya haura haka, tukunya ta ɓaci.

Kwana goma sha tara allura na nitso tana fitowa.
Ranar da layi na bakwai ya haɗu
ta ja da baya, ta kanne ido ɗaya,
ta ce, "Allinka bai yi ƙarya ba."

Sai ga mu a casa'in da tara.
Ruwan goro tara ne.
Na juye buhu, na kakkaɓe, babu.
Na ce mu jira Lahadi.

Ta shiga ɗaki, na ji kukan murfin adaka.
Ta fito da wani kore da ya koɗe,
da tabon tawada a gefensa:
aljihun rigata ta aji ɗaya,
wadda na yage a kan icen tsamiya.

"Kore ba shi da gida a nan," na ce, muryata ƙasa-ƙasa.
Ba ta ko ɗago ba.
Ta ɗinke shi a kusurwa,
daidai inda haɓa ke sauka.

Yanzu in ta shanya bargon a igiya,
idon mai wucewa sai ya tsallake shuɗin nan duka
ya je ya tsaya a kansa.
Sau uku ina sake lissafin a bayan rajista,
har yau ban gano ba
ta inda ɗaya ya rinjayi casa'in da tara.